Warin Sifirit

Baban yara,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Yaya aiki, yaya zafin rana a wajen shimfiɗa titi? Yaya ƙafar nan taka, ko har yanzu kana ɓoye wa likitan kamfani? Mu nan ƙalau muke, sai kewarka.

Na san za ka ce me ya kai ni rubuta wasiƙa alhali ga waya. Wajen da suka kai ku sai mutum ya hau tudu kafin a ji muryarsa, wannan ɗaya ke nan. Sannan kai a waya ba ka barina in kai ƙarshen magana, da na ɗauko sai ka ce ka gane. Takarda kuwa dole ka bi ta har ƙasa. Direban kamfaninku ya ce duk sanda zai koma wajenku zai biyo ya karɓa, Allah ya saka masa da alheri.

Auta tana gaishe ka. Ta ƙara tsawo, siket ɗin makarantarta ya ɗage, sai da aka sake masa baki. Ta ce in tuna maka alkawarin agogo, wai kada ka ce tsufa ne ya sa ka manta.

Ɗanka Dogo kuma hannunsa ya faɗa a aski. Mai shagon har ya fara bar masa mabuɗi, shi ke rufewa. An ce akwai masu zuwa su zauna jira, su ce sai shi zai taɓa musu kai. Ranar da na wuce ta ƙofar shagon na hango shi ya sunkuya a kan wani dattijo yana gyara masa gemu, ya ɗan fito da harshe kamar yadda kake yi in kana ɗaura wayar fitila. Na yi sauri na wuce don kada ya ga ina murmushi.

Abu ɗaya ne yake damuna, sifirit ɗin nan da suke goge kilifa da kan mutane da shi. Kullum yaron nan ya dawo yana warinsa, idanunsa jajur. Da safe sai na yi ta bugun ƙofa kafin ya tashi, ya fito yana riƙe kai, ko shayi ba ya iya sha. Na tambaye shi, ya ce ai duk mai aski haka yake, wuni ake yi ana shaƙa. Na saya masa maganin ido a kemis, rigunansa kuma daban nake jiƙa su. Maƙwabciyarmu ta gani ta tambaya, na ce mata warin neman halal ne, ta bar mini kayana. Amma fa abin ya isa haka. Gobe zan je in sami mai shagon in gaya masa ya rage, ko ya sa fanka, kafin ya lalata wa yaro ido.

Af, akwai wata yarinya mai koyon ɗinki a shagon da ke manne da nasu, ita ta gyara siket ɗin Auta. Natsattsiya ce, gaisuwarta har ƙasa. Na lura duk ranar da za ta kawo ɗinki, ɗanka sai ya tsaya gaban madubi ya yi ta taje sumar da ba ta wuce rabin farce ba. Na san inda ya gado.

Ka kula da kanka, ka daina wasa da ƙafar nan.

Taka,
Maman Dogo

*

Baban yara,

Sallama da gaisuwa. Ina fata kana lafiya, ƙafar kuma ta yi sauƙi. Mu ma jikinmu lafiya. Ka nemi wuri ka zauna kai kaɗai kafin ka ci gaba, kada ka karanta wannan a tsaye cikin abokan aiki.

Na je shagon kamar yadda na ce. Na tarar da mai shagon yana kakkaɓe gashi daga kujera, Dogo ya fita sayen reza. Na gaishe shi a gajarce na shiga zazzaga masa faɗa. Na ce amanar yaro aka ba shi, ba a ce ya jiƙa shi da sifirit ba. Na kawo masa zancen jan ido da ciwon kai da warin da ke bin yaro har kan matashi. Mutumin nan ya jira na gama. Sai ya ɗauko kwalbar daga gaban madubi, ya zuba kaɗan a auduga, ya goga a bayan hannunsa, ya miƙo mini in shinshina. Wari ne mai kaifi irin na ɗakin allura. Ya ce in ɗan dakata. Da ya sake miƙo hannun, babu komai, ya bi iska. Ya sunkuyar da kai ya ce mini sifirit ba ya kwana a jikin mutum, kuma ba ya fitowa daga baki.

Nan na zauna a kujerar askin. Warin da nake ji a wajen Dogo daban ne, mai ɗan tsami, kuma in yana magana ne ya fi tashi. Baban yara, giya ce. Ɗanmu giya yake sha, ni kuma ina bin sa da maganin ido. Kai ba ka sha, gidanmu ba a sha, tun da nake ban taɓa zama kusa da mai sha ba, ina zan san warinta? Har cika baki na yi wa maƙwabciya.

Mai shagon ya nuna mini wani ɗan ɗaki a baya, inda suke ajiye tawul da janareta. Ya ce in ya tafi gida ya bar mabuɗi, abokan Dogo suke taruwa a nan, maza da mata, sa'o'insa, duk waɗanda suka gama makaranta suna koyon sana'a. A cikin robar lemo suke zuba ta, ko wani ya leƙo ba zai zargi komai ba. Ya gane ne da ya tsinci robobin a bayan janareta. Ya ja wa Dogo kunne, amma kunya ta hana shi zuwa wajena. Yanzu dai ya karɓe mabuɗinsa.

Na dawo gida ina tunanin wannan ne ƙarshen abin, ashe da saura. Washegari da hantsi ina shanya, sai ga yarinyar nan mai koyon ɗinki ta yi sallama, hannunta babu ɗinki. Ta zauna a bakin benci tana murza gefen mayafi. Sai da na ba ta ruwa ta sha kafin bakinta ya buɗe.

Ta ce ita da Dogo suna son juna tun bara. Da rana, kowa yana cikin hankalinsa, hirarsu ba ta wuce yadda za su buɗe shago kusa da juna, ko hannunta ba ya riƙewa a titi. Amma a ɗakin nan in roba ta zagaya, sai kunya ta fita daga idon kowa. Ba ta ɗora masa laifin shi kaɗai ba, wannan ne ya sa na yarda da ita. Ta ce babu wanda ya ɗura mata, ta fara sha ne don kada a ce mata 'yar ƙauye. Yanzu ta yi ɓatan wata. Sannan ɗaya daga cikin samarin an kai shi asibiti da irin ciwon da ake ɗauka ta wannan hanya, ita kuma ba ta san wa ya kusanci wa a ɗakin nan ba a ranakun da ba ta je ba. Tsoron zuwa asibiti ita kaɗai take yi. Iyayenta sun rasu, a wajen gwaggonta take, gwaggon ba ta san komai ba. Da ta gaya wa Dogo, sai ya ce mata shi in ya sha ba ya tuna abin da ya faru.

Da yamma na tare shi a tsakar gida bayan na aiki Auta. Giyar bai musa ba. Da na zo kan yarinyar, sai ya maimaita mini maganar nan, wai bai tuna ba. Na tambaye shi ko yana tuna hanyar ɗakin, ko yana tuna aljihun da yake sa mabuɗi, ko yana tuna sunan yarinyar. Ya fashe da kuka, ƙato da shi, gemu ya fara fito masa. Zuciyata ta karye, amma ban rarrashe shi ba. Na ce masa mantuwarsa ba za ta rage komai daga abin da ke jikin yarinyar nan ba.

Na yi mata alkawari ranar Alhamis ta sama zan raka ta asibiti, ranar ce suke gwajin. Na gaya wa Dogo da shi za a je, shi ma a ɗebi jininsa. Ya juya ya shige ɗakinsa.

Ka yi mana addu'a. Kada ka yanke komai cikin fushi.

Taka,
Maman Dogo

*

Baban yara,

Ina gaishe ka, ina yi maka sannu da aiki. Ina fata ka sauko daga tudun nan lafiya, don yadda kake ɗaga murya jiya na ji tsoron kada ka gangaro. Direba ya kawo saƙonka, na ga tikitin mota. Tunda a waya ba ka bar ni na ce komai ba, ga amsata.

Ka ce in turo maka Dogo, akwai aikin lebura a wajenku, ya zauna har ƙura ta lafa. Ka ce irin waɗannan yaran mata ba a san na wa suke ɗauke da shi ba. Ka ce kada in bari a ga ɗanmu a layin gwaji, bakin mutane ba shi da kyau. Na ji duka, kuma na san tsoro ne yake magana a bakinka. Ni ma tsoron nake ji. Tun ranar da na fito daga shagon nan abinci bai yi mini daɗi ba, in na wuce maƙwabciya gani nake kamar ta riga ta sani.

Amma ban yarda ba, Baban yara. Shekarun nan da muka yi tare ban cika yi maka musu ba, wannan karon sai dai ka yi haƙuri da ni. Ƙurar da kake cewa ta lafa, a kan wa za ta lafa? Yarinyar nan ba ta da tikitin zuwa ko'ina. Za ta zauna a gaban keken ɗinki cikinta yana girma, unguwa tana kallo, shi kuma yana can yana tura baro, mu muna cewa ya tafi neman kuɗi. In ciwon nan yana jininsa fa, wa zai gano shi a can? Kai da ka kasa kai ƙafarka wajen likita?

Kuma kai da bakinka ka gaya mini ranar albashi rabin ma'aikatanku ba sa gane hanyar ɗakinsu. Can za ka kai mai koyon sha ya huta?

Maganar cewa ba a san na wa ba ne, ban ji daɗin fitowarta daga bakinka ba. Na zauna da yarinyar, na ga idonta. In ma akwai shakka, a asibiti ake warware ta, ba a tasha ba. Jiya da na aje waya na juya na ga Auta tana guga a falo, tana rera waƙa, ba ta san me ake ciki ba. 'Yan shekaru kaɗan ne tsakaninsu. Da ita ce ta je gidan mutane ta zauna a bakin benci, me za ka so uwar yaron ta yi?

Ga abin da na yi da tikitinka. Ban ɓoye ba, ban yaga ba, kai ubansa ne, saƙonka kuma nasa ne. Na kira shi na sa masa a hannu. Na gaya masa motar ranar Alhamis da safe take tashi, mu ma ranar Alhamis da safe za mu asibiti. Na ce ba zan kulle ƙofa ba, ba zan riƙe masa riga ba, wanda ya isa riƙe mabuɗin shago ya isa sanin inda zai nufa. Amma na gaya masa gaskiya, ko ya tafi ko bai tafi ba, ni zan je. In ya gudu, ni zan zauna kusa da ita a layi, ni zan je gaban gwaggonta, kuma ba zan ce ban san ɗan wa ba ne.

Tun daga lokacin bai haɗa ido da ni ba. Yana zuwa aiki, yana dawowa da wuri, ya shige ɗaki. Na ga ya sauko da jakarka ta tafiya daga kan kwaba ya kakkaɓe ta. Na koma kicin na yi kukana, na wanke fuska na ci gaba da aiki.

In ya iso wajenka, ka karɓe shi, ɗanka ne. Sai dai kada ka ce masa ya yi daidai.

Allah ya huci zuciyarka.

Matarka,
Maman Dogo

*

Baban yara,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau, ina fata kana lafiya. Na san tun jiya kake leƙen hanya, shi ya sa na roƙi direba ya tsaya ya karɓi wannan kafin ya wuce.

Jiya Alhamis Dogo ya tashi ban buga masa ƙofa ba. Ya yi wanka, ya goge riga, ya fito da jaka a kafaɗa. Ya durƙusa ya gaishe ni, na amsa. Na so in tambaye shi ina zuwa, na danne. Ya fita, na bi bayansa da kallo ta taga har ya sha kwana, ya bi hanyar tasha. Ban san tsawon lokacin da na yi a tsaye da tsintsiya a hannu ba, sai da Auta ta taɓa ni ta ce za ta makara.

Na yafa mayafi na je shagon ɗinki na ɗauki yarinyar. Ta leƙa bayana, ta ga ni kaɗai ce, ba ta tambaya ba. A hanya na riƙe mata hannu wajen tsallaka titi, hannun sanyi ƙalau.

Asibitin cike yake. Aka ba mu kati, muka zauna a benci ƙarƙashin wata fanka da ba ta juyawa. Wata mata ta tambaye ni ko 'yata ce, na ce e, ban tsaya dogon bayani ba. Da layi ya zo kanmu aka gwada ta, nas ta rufe ƙofa ta gaya mana ciki ne. Yarinyar ba ta yi kuka ba, gefen zanena kawai ta damƙe. Na ce mata ta ɗago kanta, ba ita kaɗai ba ce. Ina faɗa ina jin nauyin maganar, don a lokacin ni kaɗai ce ragowar mutanen da nake nufi.

Daga nan aka tura mu ɗakin ɗibar jini, can ƙarshen baranda. Muna shan kwana na hango wani dogo a kan benci, jaka a tsakanin ƙafafunsa, ya sunkuyar da kai. Jakarka na fara ganewa kafin shi.

Ashe ya je tashar, har ya shiga mota ya sami wuri a bakin taga. Da ta cika direba ya tayar, sai ya ce a buɗe masa ƙofa. Ya sauka ana ta zaginsa, ya tako da ƙafa har asibitin, ya yi ta tambaya har aka nuna masa wajen gwaji. Wannan duk daga baya ya gaya mini. A lokacin dai ya miƙe tsaye, bai dube ni ba, ita ya duba. Ya ce mata ya tuna, tun farko ma bai manta ba. Sai a nan ta yi kukan.

Tare aka kira su. Ka san ɗanka da tsoron allura tun yana ƙarami, bai canza ba. Ya naɗe hannun riga, ya kawar da kai, ya runtse ido. Nas ta jiƙa auduga ta goge masa hannu, ta ɗebi jinin, ta ce wani ya danne masa wurin. Ni na danne. Ina tsaye a kansa sai warin ya bugi hancina, mai kaifin nan, irin wanda mai shago ya shinshina mini. Baban yara, jiya ne karo na farko da na ji warin sifirit na gaskiya a jikin ɗanmu. Kafin mu kai bakin ƙofar asibiti ya bi iska. Da muka dawo gida na ɗauki maganin idon nan na jefa a shara.

Ba na yaudarar kaina cewa an gama. Sakamakon jinin sai mako mai zuwa, kuma nas ta ce za a sake wani gwajin nan gaba. Ta haɗa Dogo da wani ma'aikaci da ke zama da masu son barin sha, ya ce zai je, ni kuma zan ga ya je. Abokansa suna nan, robar lemo ba ta ƙare a gari ba. Mai shago ya ce zai ci gaba da riƙe shi, amma mabuɗi sai ya gani a ƙasa. Abin da zai biyo baya tsakaninsa da yarinyar kuma ba ni zan yanke ba, sai an zauna da mutanenta.

Zaman nan shi ne ya rage. Ranar Asabar ta sama za mu je gaban gwaggonta, Dogo ya ce shi zai yi magana da bakinsa. Zan je ko da ni da shi ne kawai, ka riga ka sani. Amma yaron da ya sauko daga mota ana zaginsa ya cancanci ya waiwaya ya ga ubansa a bayansa.

Ga tikitinka nan cikin ambulan na mayar maka, ya ɗan yamutse don a aljihun Dogo ya wuni. Ka nemi na motar da za ta kawo ka nan.

Auta tana gaishe ka, Dogo ma ya ce in gaishe ka. Ka taho da agogon.

Taka har kullum,
Maman Dogo